Gungun John Gotti a Ozone Park: tsaron unguwa suka yi ko cin ta?

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya ɗaure mini kai. Lokacin da John Gotti, shugaban wata babbar ƙungiyar miyagu ta Mafiya, ya mutu a 2002, an zagaya da gawarsa ta unguwar Ozone Park a New York, motoci shaƙe da furanni, mutane sun yi cirko-cirko a bakin titi suna ban kwana da shi. Mutumin da kotu ta tabbatar yana da hannu a kashe-kashe. Ni dai ina ganin mutane ba sa fitowa haka kawai. Dole akwai alherin da ya yi wa unguwar. Masu ilimin abin su fahimtar da mu.

Malam Nura: Wa alaikumus salam Auwalu. Kafin mu zo kan alheri ko akasinsa, bari a san su waye ake magana a kai.

A New York 'yan Mafiya, wato ƙungiyar miyagu masu tushe daga Italiya, sun kasu gida biyar tun 1931, waɗanda daga baya aka san su da Gambino, Genovese, Lucchese, Bonanno da Colombo. Kowane gida yana da shugaba, da mataimaki, da mashawarci, sannan kaftin-kaftin, kowane kaftin da yaransa da wurin zamansa. Gungun da kake tambaya a kai na gidan Gambino ne. Asalinsu 'yan East New York ne a Brooklyn, ƙarƙashin wani kaftin mai suna Carmine Fatico, daga baya suka ƙaura zuwa Ozone Park a Queens, suka kama wani shago a kan titin 101st Avenue, suka sa masa suna Bergin Hunt and Fish Club, wai kulob ɗin mafarauta da masunta. Ba a rasa dalilin ƙaurar ba: filin jirgin saman JFK yana nan kusa, kuma babbar sana'arsu a lokacin ita ce fashin motocin da ke ɗauko kaya daga can.

Shi Gotti an haife shi a 1940 a Bronx, gidansu 'ya'ya goma sha uku, talakawa ne liƙis. Ya bar makaranta yana da shekara 16. A 1968 aka kama shi kan satar kaya, ya yi zaman gidan yari a Lewisburg, ya fito a 1972 aka ba shi riƙon gungun saboda Fatico na fama da tasa shari'ar. A 1973 da shi aka je wata mashaya a Staten Island aka kashe James McBratney, wanda ake zargi da hannu a sace ɗan ɗan'uwan Carlo Gambino, shugaban gidan a lokacin. Hukuncin da ya samu shekara huɗu ne kawai. Da ya fito a 1977 aka rantsar da shi cikakken ɗan gida, ya zama kaftin.

Sadiq Ɗan Sarki: Malam ka ba mu tarihi amma ba ka amsa wa yaron ba. Ni ina bayan Auwalu. A shekarun 1970 da 1980 New York ta lalace, fashi da ƙwace a ko'ina. Amma mutanen Ozone Park suna cewa titinsu lafiya lau, ɓarawo ba ya kuskura ya shigo. Duk ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancin Amurka, Gotti yana rufe titi ya yi wa unguwa walima, nama da abin sha kyauta, da wasan wuta har dare. Gwamnati ta kasa, wani ya iya. Laifin talaka ne don ya so wanda ya tsare masa ƙofar gida?

Alhaji Mamman: Salamu alaikum. Ni tasi nake ja a garin nan shekara da shekaru, a Bronx nake zaune, kuma hanyar JFK ita ce abincina, don haka na san wurin da idona. Ku cire hoton dogayen benaye a ranku. Ozone Park unguwar ma'aikata ce, ƙananan gidaje manne da juna, kowane da 'yar matakalarsa a gaba. Jirgin ƙasa na bi ta saman Liberty Avenue a kan gadar ƙarfe, in ya zo wucewa sai ka dakata da magana. Shi titin 101st ɗin kuwa shaguna ne jere, gine-ginen jan bulo masu hawa ɗaya ko biyu. In ba nuna maka aka yi ba, za ka wuce ƙofar kulob ɗin nan ba ka waiwaya ba.

Maganar Sadiq na sha jin ta daga bakin tsofaffin fasinjoji 'yan asalin Italiya. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini a wancan zamanin ba ta damu da kulle ƙofa ba. Ban ƙaryata ta ba. Amma ƙanena Sadiq, ka tambayi kanka: zaman lafiyar wa? Gotti kansa a Howard Beach yake kwana, unguwar da ke maƙwabtaka da Ozone Park ta kudu. A can ne a Disambar 1986 samarin Turawa suka bi wasu baƙaƙen fata da motarsu ta lalace, suka kora Michael Griffith, ɗan shekara 23, har kan babban titi mota ta take shi. Ban ce yaran Gotti ne ba, kuma ba su aka kama ba. Abin da nake cewa shi ne, mai irin fatarmu in ya bi ta wajen da daddare a waɗancan shekarun, ba ya cikin waɗanda ake ce wa suna zaman lafiya.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri Alhaji. Ni kuma ina so Sadiq da Auwalu su ji labarin John Favara, don shi ba baƙo ba ne, maƙwabcin Gotti ne, bayan gidansu yake, ɗansa ma abokin ɗan Gotti ne.

Ranar 18 ga Maris 1980, Frank, ɗan Gotti mai shekara 12, ya hau ƙaramin babur ya fito kan titi, Favara na dawowa daga aiki ya buge shi, yaron ya rasu. Ni uwa ce, na san babu abin da ya kai wannan ciwo. 'Yan sanda sun bincika suka ce tsautsayi ne, ba a tuhume shi da komai ba. Daga nan aka fara yi masa barazana. Matar Gotti ta kai masa duka da sandar wasan ƙwallo, bai kai ƙara ba. Mutumin nan ma'aikaci ne a kamfanin kujeru, ba ruwansa da harkar kowa. Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne ya sa gidansa a kasuwa zai bar unguwar. Ranar 28 ga Yuli, saura kwanaki kaɗan ya tashi, aka tare shi kusa da wurin aikinsa aka tura shi cikin mota. Iyalan Gotti suna Florida a ranar. Har yau ba a ga gawarsa ba. A 1983 kotu ta ayyana shi a matsayin matacce.

To wace irin unguwa ce wannan, da maƙwabcinka zai ɓace wata huɗu bayan haɗari, kowa ya yi gum da bakinsa, sannan shekara ta zagayo a fito cin nama?

Sadiq Ɗan Sarki: Maman Khalifa, abin da ban tausayi ƙwarai. Amma a yi adalci, ba a taɓa gurfanar da Gotti kan maganar Favara ba.

Maman Khalifa: Haka ne, ba a gurfanar da shi ba. Kafin a gurfanar da mutum ai sai an samu wanda zai tsaya ya ce na gani. Wa zai tsaya?

Barista Hadiza: Tambayar Maman Khalifa ita ce gaba ɗaya shari'o'in mutumin nan. Bari in kawo uku da ya tsallake bayan ya zama shugaba, ku duba yadda aka yi.

Ta farko, 1986. Wani makanikin firiji mai suna Romual Piecyk ya kai ƙara cewa an doke shi an ƙwace masa kuɗi a kan rigimar ajiye mota. Lokacin da ya kai ƙarar bai san waye Gotti ba. Kafin ranar shari'a ya sani. Da aka sa shi a akwatin shaida sai ya ce bai tuna wanda ya doke shi ba. Aka kori ƙarar.

Ta biyu, 1987, a kotun tarayya da ke Brooklyn. Aka wanke shi tas, jaridu suka yi ta zuzuta cewa tuhuma ba ta kama jikinsa. Daga baya aka gano an sayi ɗaya daga cikin masu taya alƙali yanke hukunci, George Pape, a kan dala 60,000. Shi Pape ɗin an same shi da laifi an ɗaure shi.

Ta uku, 1990, kan harbin wani jami'in ƙungiyar kafintoci, John O'Connor. Nan ma aka sallame shi.

Wani abu kuma da nake so Sadiq ya riƙe: wadda ta gabatar da ƙarar 1987, Diane Giacalone, 'yar Ozone Park ce, a can ta tashi, kuma jininta na Italiya ne. Don haka in an ce "unguwa na son sa", ba kowa da kowa ba ne. Akwai waɗanda suka taso suna wuce mutanen nan a ƙofar kulob, suna ganin ƙarti ba aikin fari ba na baƙi amma ga motoci ga sutura, kuma abin bai burge su ba.

Auwalu: Anti Hadiza na gode. To amma kuɗin walimar da manyan kwat ɗin daga ina suke fitowa? Duk daga filin jirgi?

Malam Nura: A takarda, Gotti dillalin wani kamfanin aikin famfo ne. A zahiri kuwa hanyoyin kuɗin gungun sanannu ne: kayan sata, caca, da bashi da ruwa. Kuma biyun ƙarshen nan daga aljihun 'yan unguwa suke fita. Ka ɗauka direban babbar mota ya ci bashin dala 1,000 a kan ruwa kashi uku cikin ɗari duk mako. Dala 30 ke nan kowane mako, kuma ba ta rage ko sisi daga uwar kuɗin. A shekara ya biya 1,560, dubu ɗayan tana nan daram. Ran da ya gaza, ba kotu za a kai shi ba. Ko a karya shi, ko a ce to ka gaya mana ranar da motar kamfaninku za ta ɗauko kaya masu tsada da hanyar da za ta bi. Ka ga yadda bashi ke ciyar da fashi.

A matakin gidan Gambino gaba ɗaya abin ya fi haka girma: ƙungiyoyin ƙwadago, kwasar shara, jigilar tufafi a Manhattan, gine-gine. A shari'ar manyan shugabannin Mafiya ta 1986 an nuna cewa duk kwangilar zuba kankare da ta haura dala miliyan biyu sai an cire musu kashi biyu cikin ɗari. Wannan kuɗin a ƙarshe mai haya da mai sayayya ne ke biya, ko ya sani ko bai sani ba.

Sadiq Ɗan Sarki: Na ji. Amma an ce dokarsu ta hana sayar da ƙwaya. Ko ba komai wannan ya kare yaran unguwa.

Malam Nura: Dokar tana nan a baki, Paul Castellano da ya gaji Carlo Gambino a 1976 ya ce duk wanda aka kama da ita kashe shi za a yi. Amma gungun Bergin ne suka fi kowa taka ta. Hukumar FBI ta dasa na'urar naɗar murya a gidan Angelo Ruggiero, aminin Gotti tun ƙuruciya, mutum mai surutun tsiya. A 1983 aka kama shi da Gene Gotti, ƙanen John, da John Carneglia kan safarar ƙwayar hiroyin. Gene da Carneglia shekara 50 kowannensu ya samu a 1989.

Kuma wannan ƙwayar ce silar hawan Gotti. Castellano ya matsa sai an kawo masa abin da aka naɗa ya ji da kansa. Wanda ya tsaya tsakani shi ne mataimakinsa Aniello Dellacroce, ubangidan Gotti. Dellacroce ya mutu ranar 2 ga Disamba 1985, Castellano ko zaman makoki bai je ba. Mako biyu cif, ranar 16 ga Disamba, da yamma, ana tsakar hada-hadar sayayyar Kirsimeti, aka bindige Castellano da sabon mataimakinsa Thomas Bilotti a ƙofar gidan cin abinci na Sparks a tsakiyar Manhattan. Gotti da Sammy Gravano, wani ɗan gidan da daga baya ya zama mataimakinsa, suna cikin mota a kusa suna kallo. Haka kaftin ɗin Ozone Park ya zama shugaban gida. Bai kai wata huɗu ba aka tayar da bam a mota a Brooklyn, sabon mataimakinsa Frank DeCicco ya mutu.

Usman Injiniya: Ina biye da ku tun ɗazu. Abu ɗaya nake so a kiyaye. Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka 'yan Italiyan Amurka haka suke. Miliyoyi ne suka shigo ƙasar tsakanin 1880 da 1920, akasarinsu daga kudancin Italiya, su ne suka haƙa ramukan jirgin ƙasa, suka yi dako a tashar jiragen ruwa, matansu suka yi ɗinki. Sun sha ƙyama iri-iri. A 1891 taron jama'a ya kashe 'yan Italiya 11 a New Orleans ba tare da hukuncin kotu ba. Kuma daga cikinsu aka samu masu yaƙar Mafiya tun farko, irin su ɗan sanda Joe Petrosino da aka harbe a Palermo a 1909. Farkon waɗanda miyagun nan suka fara tatsa su ne 'yan'uwansu masu ƙananan shaguna.

Alhaji Mamman: Gaskiyarka Injiniya. Na yi aiki da su, na yi haya a gidan ɗayansu, mutane ne masu riƙon iyali. Da yawansu haushin sunan nan suke ji.

Auwalu: To wai duk da irin rantsuwar da suke yi ta rufe baki, ya aka yi ya faɗi?

Barista Hadiza: Abu biyu: doka da bakinsa.

Dokar ita ce RICO ta 1970. Kafin ita, sai dai a kama wanda ya ɗana kunama, shugaba yana gefe hannunsa fes. Ita kuwa ta ba da damar a tuhumi ƙungiyar a matsayinta na ƙungiya: in aka nuna jerin laifuka da aka yi don amfaninta, wanda ya ba da umarni ma ya shiga.

Bakinsa kuwa, bayan ya zama shugaba ya mayar da zamansa Ravenite, tsohon kulob ɗin Dellacroce a titin Mulberry, unguwar 'yan Italiya ta Manhattan, ya kuma wajabta wa kaftin-kaftin su riƙa zuwa gaisuwa duk mako. Jami'ai suka kafa kyamara suna ɗaukar kowa ɗaya bayan ɗaya. Da suka lura yana hawa wani ɗaki a saman benen in zai yi maganar sirri, suka dasa na'ura a can. A Disambar 1989 aka naɗe shi yana lissafa waɗanda aka kashe da izininsa, yana kuma cewa wani yaronsu, Louis DiBono, zai mutu don an kira shi ya ƙi zuwa. A 1990 aka tsinci gawar DiBono a wurin ajiye motoci na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya.

Ranar 11 ga Disamba 1990 aka kama shi a Ravenite tare da manyan na hannun damansa biyu, Gravano da Frank Locascio. A kotu aka kunna faifan, Gravano ya ji da kunnensa yadda ubangidansa ke zarginsa da haɗama a bayan idonsa, yana jingina masa wasu kashe-kashen. A 1991 ya koma ɓangaren gwamnati. Wannan karon an ɓoye sunayen masu taya alƙali, an killace su, an kuma hana lauyansa Bruce Cutler tsaya masa. Ranar 2 ga Afrilu 1992 aka same shi da laifi a duk tuhume-tuhumen, ranar 23 ga Yuni alƙali Leo Glasser ya yanke masa ɗaurin rai da rai. A ranar magoya bayansa sun yi tarzoma a ƙofar kotun har da kifar da mota. An kai shi kurkukun Marion a Illinois, ya mutu da ciwon dajin maƙogwaro ranar 10 ga Yuni 2002 a asibitin fursunoni na Springfield, yana da shekara 61.

Sadiq Ɗan Sarki: Na sauko daga maganar ƙwaya, hujjar Malam ta fi tawa. Amma ita gwamnatin fa? Ku duba Willie Boy Johnson. Abokin Gotti ne tun suna samari, ba a taɓa rantsar da shi ba don mahaifinsa ba ɗan Italiya ba ne, ya yi shekaru yana infoma wa FBI bisa alƙawarin ba za a tona shi ba. Ita Giacalone da Barista ke yabo ita ce ta bayyana shi a gaban kotu don ta tilasta masa ba da shaida. Ya ƙi. A 1988 aka harbe shi a ƙofar gidansa a Brooklyn. Ɗan unguwa da ya ga haka, kuna so ya je ya buɗe baki wa hukuma?

Barista Hadiza: Wannan ba zan kare shi ba Sadiq. FBI kanta ba ta yarda da tona shi ba. An ba shi damar shiga shirin ɓoye shaidu ya ƙi, amma wannan bai wanke wanda ya karya masa alƙawari ba. Sai dai ka lura da waɗanda suka kashe shi da kuma dalilin kisan.

Maman Khalifa: Shi kuma Gravano ɗin me aka yi masa?

Barista Hadiza: Ya amsa da bakinsa cewa yana da hannu a kisan mutum 19. Saboda shaidar da ya bayar, wadda ta taimaka aka ɗaure mutane da dama, alƙali Glasser ya ba shi shekara biyar a 1994, kuma ya riga ya cinye mafi yawanta a tsare. Aka kai shi Arizona da sabon suna. A 2000 aka sake kama shi a can kan safarar ƙwayoyi, ya samu shekara 20, ya fito a 2017.

Maman Khalifa: Inna lillahi. Shekara biyar a kan rai goma sha tara.

Malam Nura: Masu gabatar da ƙara cewa suka yi in ba da shi ba, babu wanda zai zauna ya bayyana wa kotu kisan Castellano daga ciki, kuma bayan shi wasu da yawa sun samu ƙarfin halin yin magana.

Maman Khalifa: Na ji hujjarsu Malam, ban ƙi ba. Amma mutum 19 ɗin nan kowannensu yana da uwa ko mata ko 'ya'ya, har da ƙanen matar shi Gravano ɗin a ciki. Su ba a zauna da su ba lokacin da ake wannan cinikin. Barista, don Allah in akwai wata hanya da dokar Amurka ta ba iyalan mamata su ƙalubalanci irin wannan yarjejeniyar, ki yi mana bayani.

Barista Hadiza: A shari'ar laifi, gwamnati ce mai ƙara, don haka iyali ba su da ikon soke yarjejeniyar da ta ƙulla da wanda ake tuhuma. Abin da ya rage musu shi ne ƙarar neman diyya, kuma wasu daga cikin iyalan sun shigar da ita a kan Gravano, musamman bayan da aka buga littafin tarihinsa suka nemi a hana shi cin kuɗin. A 2004 aka yi dokar tarayya da ta ba waɗanda aka cuta haƙƙin a sanar da su, a kuma saurare su a kotu lokacin amsa laifi da lokacin yanke hukunci. Ko ita ma sauraro ta bayar, alƙali ne ke da ta cewa.